Kalmar "Boil": Daga Murhu Zuwa Ɗakin Gwaji da Asibiti

Kalmar Ingilishi ta "boil" tana cikin kalmomin farko da yaro kan haddace tun yana firamare, kuma galibi akan ba shi fassararta da kalma ɗaya tak, wato tafasa. Da wannan fassara yakan shiga makarantar sakandare, har ranar da zai ci karo da kalmar a littafin girke-girke tana nufin dafa ƙwai, a littafin fizis tana ɗauke da lambobi da ma'auni, a darasin ilmin halittu an ce a yi wa ganye ko yawu, sannan ya gan ta a katin asibiti likita ya rubuta ta alhali abin da ke damun majinyaci maruru ne a hammata. Ɗalibin da bai rarrabe waɗannan ma'anoni ba yana iya rasa maki a jarrabawa, wannan kuwa ita ce ƙaramar hasara. Babbar hasarar tana gida, inda lafiyar iyali ta dogara ga sanin abin da tafasawa ke iya kashewa da abin da ba ta iyawa.

Asalin kalmar

Kalmar ba 'yar gida ba ce a Ingilishi. Ta shigo ne daga tsohon Faransanci a wajen ƙarni na 13, cikin ɗimbin kalmomin girki da suka kwararo Ingila bayan Normawa sun ci ƙasar da yaƙi a shekarar 1066. Faransancin kuma daga Latin ya gaje ta, daga "bullire", wadda tushenta shi ne "bulla", wato kumfa ko ƙululun iska da ke tasowa a kan ruwa. Ashe ke nan tun asali kalmar tana siffanta abin da ido ke gani ne, ruwa yana kumfa yana tsalle, babu maganar zafi a cikinta. Kafin zuwanta Turawan Ingila suna da tasu kalmar, "seethe", wadda baƙuwar ta kora daga madafa, har ta kai yau ba a cika amfani da ita ba sai a kan mutumin da ya cika ya batse don fushi.

Akwai wata 'yar'uwar kalmar da ke cikin kusan kowace tukunyar miya a ƙasar Hausa ba tare da an san dangantakar ba. Romon nama a Faransanci sunansa "bouillon", wato abin da aka tafasa, kuma ɗan dunƙulen da kamfanin Maggi na ƙasar Siwizalan ya fara sayarwa a 1908 da wannan suna ya fito: romo ne da aka ƙafar da ruwansa aka dunƙule.

A madafa

Bahaushe ya fi Bature tsantseni a wannan wuri. A Hausa ruwa ne ke tafasa, abinci kuwa dafa shi ake yi, shi ya sa ake cewa tafasasshen ruwa amma dafaffen ƙwai. Bature ya haɗa duka biyun a kalma ɗaya. Yana cewa ruwa ya yi "boil", yana cewa uwargida ta yi wa ruwa, yana cewa ta yi wa ƙwai ko dankali, har ma yakan ce buta ce ke yi, alhali ƙarfen buta bai motsa daga yadda yake ba. Idan ɗalibi ya fassara "boiled egg" da tafasasshen ƙwai, ya yi kuskure a harshe, ya kuma yi a kimiyya, domin ƙwan bai tafasa ba. Ruwan da ke kewaye da shi ne ya tafasa, shi kuwa ya karɓi zafi ya daskare.

Wannan daskarewa ita ce ta fi jan hankalin masanin ilmin halittu. Farin ƙwai ruwa ne da furotin, kuma kowane furotin doguwar sarƙa ce da aka naɗe bisa wani tsari na musamman. Zafi yana girgiza sarƙar har ta warware, sa'an nan warwararrun sarƙoƙin su sarƙe da junansu su zama raga mai riƙe ruwa. Farin ƙwai yakan fara kamewa tun a wajen digiri 62 a ma'aunin Selsiyus, ya gama tauri a wajen digiri 80, ƙwanduwa kuma tsakanin digiri 65 da 70. Duk waɗannan suna ƙasa da zafin tafasa, wato ana iya dafa ƙwai sarai a ruwan da bai taɓa yin kumfa ba. Idan kuma aka bar shi ya daɗe a wuta, sinadarin sulfa da ke cikin farin yakan haɗu da sinadarin ƙarfe na ƙwanduwa, sai a ga wani kore-koren zobe a gefen ƙwanduwar. Ba ya cutarwa, shaida ce kawai cewa mai dafuwa ya sha'afa.

Littattafan girki na Ingilishi sukan bambanta matakan wuta. "Simmer" shi ne ruwa yana motsi a hankali, kumfa na tasowa jefi-jefi, tsakanin digiri 85 da 95. "Rolling boil" kuwa shi ne abin da Hausawa ke kira tafarfasa ko ɓararraka, irin wadda ko an juya da ludayi ba ta kwanciya. Sai kuma "parboil", kalmar da tarihinta ya yi tutsu. Asalinta tana nufin dafawa sarai har abu ya nuna, amma da yake farkonta ya yi kama da kalmar "part", wato sashe, sai masu magana suka juyar da ma'anar ta koma rabin dahuwa, kuma a haka ta zauna.

Wannan rabin dahuwa ta ceci rayuka masu yawa. Matan da ke sana'ar gumi sukan jiƙa shanshera su turara ta, su shanya, kafin a kai ta inji. A yayin turarawar, bitamin B1 da ke cikin dusar shinkafa yakan ratsa zuwa cikin ƙwayar, ta yadda ko an cashe dusar ba a rasa shi duka. A 1907 wani likita mai suna William Fletcher ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi a asibitin masu taɓin hankali na Kuala Lumpur, inda aka ciyar da wani rukuni farar shinkafa, wani kuma turararriya. Cutar beriberi, mai lalata jijiyoyi da zuciya, ta addabi masu cin farar, ta kusan ƙyale ɗaya rukunin baki ɗaya. A lokacin ba a ma san bitamin ba.

Ma'anar da masana fizis suka ba ta

A ɗakin gwaji kalmar tana da iyaka tsayayya. Ruwa yana zama tururi a kowane lokaci daga samansa, shi ya sa wanki ke bushewa a igiya ba tare da wuta ba. Tafasa kuwa tana faruwa ne lokacin da ƙarfin tururin da ke neman fita ya kai nauyin iskar da ke danne ruwan, sai kumfar tururi ta samu damar kafuwa a can cikin ruwan ta taso sama. Ƙananan kumfa da kan manne a gindin tukunya tun ruwa bai yi zafi sosai ba iska ce da ta narke a ruwan take fita, tafasa tana gaba.

Tun da nauyin iska ne ke yanke hukunci, lambar nan ta digiri 100 da ake haddacewa gaskiya ce a gaɓar teku kawai. Duk hawan kimanin mita 300 yana rage digiri ɗaya. A Legas ruwa yana tafasa a digiri 100, a Kano da ke kusan mita 480 sama da teku a wajen 98 da rabi, a Jos da ke kimanin mita 1,200 a wajen 96, a ƙolin dutsen Everest kuwa a wajen 70. Saboda haka ɗalibin Jos da ma'aunin zafinsa ya tsaya a 96 bai yi kuskure ba, kuma bai kamata malami ya sa shi ya goge ya rubuta 100 don ya dace da littafi ba. Gara a tsaya a tambayi ajin dalilin bambancin, darasin da za a samu a nan ya fi na littafin.

Charles Darwin ya ga wannan da idonsa a watan Maris na 1835, lokacin da yake ƙetara duwatsun Andes daga ƙasar Chile. A wani zango mai tsayin fiye da mita 3,000 aka ɗora dankali, ya yi sa'o'i a tafasasshen ruwa, aka bar tukunyar a wuta har gari ya waye, amma bai nuna ba. Darwin ya danganta abin da ƙarancin nauyin iska. Abokan tafiyarsa kuwa sun yanke cewa laifin tukunyar ne, sabuwa ce kuma ba ta ga damar dafa dankali ba.

Idan aka juya lissafin, ƙarin matsi yana ɗaga zafin tafasa. Denis Papin, wani Bafaranshe, ya ƙera tukunya mai murfin da ke kulle tururi a 1679, wadda ke narkar da ƙashi. Ita ce kakar tukunyar matsi ta zamani, kuma ita ce kakar na'urar tsabtace kayan tiyata da Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur, ya ƙera a 1879.

Akwai wani batu da ya shafi aljihu. Da zarar ruwa ya tafasa, zafinsa ba ya ƙaruwa komai yawan wutar da aka iza. Duk ƙarin makamashin yana tafiya ne wajen mayar da ruwa tururi, kuma aikin yana da tsada: giram ɗaya na ruwa yana buƙatar kimanin jul 315 don ya tashi daga digiri 25 zuwa 100, amma yana buƙatar jul 2,260 don ya zama tururi, wato ninki bakwai. Wake da ke tafarfasa kamar tukunya za ta fashe da wanda ke tafasa a natse zafinsu ɗaya, kuma kusan tare za su nuna. Bambancin yana ga itacen da aka ƙona. Murfi a kan tukunya ya fi ƙarin itace amfani nesa ba kusa ba. Gishiri kuma, da ake cewa yana ɗaga zafin ruwa, sai an zuba kusan giram 58 a lita ɗaya kafin a samu ƙarin digiri ɗaya, miyar da ta kai haka kuwa ba ta shayuwa.

A darasin ilmin halittu

Duk inda umarnin gwaji ya ce a tafasa wani abu, akwai dalili, kuma dalilin ne masu jarrabawa suka fi tambaya. A gwajin sitaci, ana tsoma ganye cikin tafasasshen ruwa don a kashe ƙwayoyin halittarsa, a tsayar da duk wani aiki da ke gudana a ciki, a kuma sassauta fatar ƙwayoyin yadda aidin zai iya shiga. Bayan haka ana dafa shi cikin sinadarin etanol don a cire koren launinsa. Etanol yana tafasa a digiri 78, kuma tururinsa yana kama wuta nan take, don haka cikin ruwan zafi ake tsayar da kwalbar gwajin, ba a taɓa kai ta ga harshen wuta. A gwajin tsirowar iri, ruwan da aka tafasa aka bari ya huce, aka malala masa mai a sama, ruwa ne da aka kore wa iskar oksijin. A gwajin numfashi kuwa, dafaffen wake shi ne abin kwatanci, domin mataccen iri ba ya fitar da zafi. Haka nan yawun da aka tafasa ba ya narkar da sitaci, tafasasshiyar hanta ba ta sa sinadarin haidurojin feroksaid kumfa, duk saboda sinadaran inzayim furotin ne, kuma abin da ya sami farin ƙwai shi ke samun su. Ɗalibai da yawa sukan rubuta cewa zafi ya kashe inzayim. Wannan lafazi ba ya karɓuwa, tun da abin da bai taɓa rayuwa ba ba ya mutuwa. Abin da ya faru shi ne siffarsa ta lalace.

Tafasa ta kuma raba gardamar da ta fi kowace daɗewa a wannan fanni, wato ko rai yana iya ɓullowa da kansa daga abin da ba shi da rai. A shekarun 1740 John Needham na Ingila ya tafasa romon naman tunkiya, ya toshe kwalba, bayan kwanaki ya tarar da ƙananan halittu suna iyo a ciki, ya ce ga hujja. Lazzaro Spallanzani na Italiya ya maimaita gwajin a shekarun 1760, amma ya daɗe yana tafasawa, ya kuma narke bakin kwalbar ya liƙe, sai romon ya zauna garau. Masu jayayya suka ce ai ya hana iska shiga. Pasteur ne ya rufe wannan ƙofa tsakanin 1859 da 1862, da kwalabe masu dogon lanƙwasasshen wuya, waɗanda iska ke shiga amma ƙura ke maƙalewa a lanƙwasar.

Duk da haka wata matsala ta rage. Jiƙon busasshiyar ciyawa yakan lalace ko da an tafasa shi na tsawon lokaci. A 1876 Ferdinand Cohn ya nuna cewa wasu bakteriya, irin su Bacillus subtilis, sukan ƙulle kansu cikin wani ƙoƙo mai tauri idan yanayi ya tsananta, kuma wannan ƙoƙo yana jure tafasa. A shekarar da ta biyo baya John Tyndall ya fito da dabarar tafasawa sau da yawa a ranaku daban-daban, yadda waɗanda suka farfaɗo a tsakani za su halaka a zagaye na gaba. Saboda irin waɗannan ƙoƙuna ne asibitoci ba sa wadatuwa da tafasa kayan tiyata, sai sun sa su a tururi mai matsi a digiri 121 na aƙalla minti 15. Ba kuma dukkansu ne abokan gaba ba. Kalwar da ake kwana ana dafawa kafin a rufe ta ta ruɓa, bakteriyar Bacillus ce ke mamaye ta bayan zafi ya kawar da mafi yawan abokan takara, kuma ita ke mayar da ita daddawa. Sai dai wata 'yar'uwarta, Bacillus cereus, tana tsira a dafaffiyar shinkafa, kuma idan aka bar shinkafar ta wuni a ɗumi takan hayayyafa ta zuba gubar da ɗumame ba ya karyawa.

Game da ruwan sha, labarin mai daɗi ne. Ƙwayoyin kwalara da taifod da na atuni, da ƙwayoyin bairos masu kawo ciwon hanta da gudawa, duk suna halaka tun kafin a kai digiri 100. Madara ma a digiri 72 na daƙiƙa 15 ake tsabtace ta a masana'anta. Amfanin jiran tafarfasa shi ne ita ce alamar da ido ke gani ba tare da ma'auni ba, don haka ruwan Jos mai digiri 96 bai gaza na Legas tsabta ba. Minti ɗaya na tafarfasa ya isa. Amma wuta ba ta cire dalma ko sauran gubar ƙarfe daga ruwa, hasali ma tana ƙara musu kauri yayin da ruwan ke ƙafewa, kuma gubar afulatoksin da ke cikin gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana fita daga tukunya kamar yadda ta shiga.

A bakin mutane

Ma'anonin aro ba su da wuyar ganewa, domin Hausa ma tana da irinsu. Bature yana cewa jininsa yana tafasa, Bahaushe ya ce zuciyarsa ce ke tafarfasa. Idan aka ce magana ta yi "boil down to" abu kaza, hoton da ke bayan lafazin shi ne na mai mazarƙwaila, wanda ke dafa ruwan rake har ya ƙafe ya bar zaƙin zalla, wato an zubar da ruwan magana an bar gundarinta. Mutumin da aka kira "hard-boiled" kuwa shi ne wanda duniya ta dafa har tausayi ba ya ratsa shi. Yana da kyau a lura cewa "boiler", tukunyar tururi ta masana'anta ko tsohuwar kazar da sai an daɗe ana dafawa, daban take da "broiler", kazar gidan gona mai saurin girma, wadda sunanta ya fito daga wata kalma mai nufin gashi.

Tafasar jini dai magana ce kawai a doron ƙasa, domin furotin na jikin ɗan Adam yana fara lalacewa da zarar zazzaɓi ya haura digiri 42. Amma a nisan kusan kilomita 19 a sama, iska ta yi ƙarancin da ruwa ke tafasa a digiri 37, zafin jikin mutum. A 1966 rigar wani ma'aikacin hukumar NASA ta saki iska a cikin ɗakin gwajin da aka zuƙe wa iska, kuma abin da ya tuna kafin ya suma shi ne yawu yana kumfa a kan harshensa. An ceto shi da rai.

Maruru

Saura ma'anar da ke katin asibiti. Mutane da yawa suna ɗauka an kira maruru "boil" ne saboda zafi da kumburinsa, amma wannan wata kalma ce dabam da ta zo ta yi kama da ta farko. Tun tsohon Ingilishi take, kafin zuwan Normawa, ma'anarta kumburi, kuma da ana furta ta kamar "bail". Sauye-sauyen furuci ne suka haɗa su rubutu ɗaya. Likitoci suna da wani sunan, "furuncle", daga kalmar Latin mai nufin ɗan ƙaramin ɓarawo.

Maruru yana farawa ne idan bakteriyar Staphylococcus aureus ta shiga ramin gashi. Alexander Ogston, likitan tiyata a Aberdeen ta ƙasar Sikotilan, ya gan ta a cikin mugunya a 1880, a cure kamar nonon inabi, daga nan sunanta na Girkanci ya samo asali. Kashi na biyu na sunan, mai nufin ruwan zinariya, Friedrich Rosenbach ne ya ba ta a 1884 saboda launin da take yi a faifan gwaji. Kusan mutum uku cikin goma suna ɗauke da ita a hanci ba tare da ciwo ba. Mugunyar da ke taruwa gawarwakin fararen ƙwayoyin jini ne da suka zo yaƙi, haɗe da bakteriya da matattun tsoka. Gasa wurin da tsumma mai ɗumi yana taimaka wa maruru ya nuna ya fashe da kansa, matsa shi kuwa yana iya tura bakteriyar cikin jini, musamman idan yana tsakanin hanci da leɓen sama, inda jijiyoyin jini ke da hanya zuwa cikin ƙoƙon kai. Wanda maruru ke yawan dawo masa ya dace a auna sukarin jininsa. A kan faifan wannan bakteriya ne Alexander Fleming ya lura da aikin fenisilin a 1928, sai ga shi a yau yawancin ire-irenta ba sa jin wannan magani.

Akwai wuri ɗaya da kalmomin biyu ke haɗuwa, kuma a madafa ne. Idan mai girki yana da maruru ko gyambo a hannu ya taɓa abincin da aka riga aka dafa, kamar nama ko madara ko alala, bakteriyar takan hayayyafa cikin 'yan sa'o'i a ɗumin ɗaki, ta zuba guba. Sake tafasa abincin yana kashe bakteriyar, amma gubar tana jure digiri 100 har na rabin sa'a. Masu ci sukan fara amai cikin sa'a ɗaya zuwa shida, sau da yawa gida guda ko taron biki guda a lokaci ɗaya, alhali kowa ya ga an sauke tukunyar tana tururi.